Shagon kayan ardi a bayan Suƙ Gurab: abin da zan sake saya da abin da na bar musu

Duk wanda ya shiga Suƙ Gurab da ke Aziziyya a nan Jidda, fitilu ne ke fara ɗauke masa ido, shago bayan shago, kowa ya rataye nasa har suna taɓa kan mutum. Shagon da zan yi magana a kansa ko ƙwan fitila ɗaya bai rataye ba. Yana ta layin baya, inda motocin kaya ke tsayawa, kuma abin da ke ciki bai wuce bututun ƙarfe na zura waya ba, da akwatunan tablon da ake jera birekoki a ciki, da durowoyi cike da ƙananan ƙarafan da mai gida ba ya sake gani bayan an rufe aiki: jalbar ardi, kos, kilam, noti mai haƙora, kitsattsiyar wayar jan ƙarfe, sandar ardi. Ba zan kama sunansa ba, don akwai abin da zan yaba, akwai wanda zan kushe, kuma mutanen abincinsu suke nema.

Yawancin aikina a ɗakunan ajiyar kaya na Khumra ne, kudu da gari, ƙarƙashin wani ɗan kwangila, sai kuma 'yan gyare-gyare a gidajen mutanenmu. Can iskar teku ce da gishiri dare da rana, ƙarfen da ba shi da kyau ba ya daɗewa bai nuna halinsa ba.

Mutane da yawa, har da wasu masu yawo da filaya a aljihu, sun ɗauka ardi, wato hanyar da ake yi wa wutar da ta ɓalle don kada ta bi jikin mutum, shi ne sandar da aka kafa a ƙasa. An buga sanda, an ɗaura mata waya mai kore da rawaya, shi ke nan an sallami kowa. To yi lissafin da kanka. Sabon gini yanzu volt 230 ne tsakanin waya mai rai da ƙasa, tun da majalisar ministoci ta yanke a 2010 cewa a bar 127/220 a koma 230/400 sannu a hankali cikin shekara 25. Mu ce sandarka ta ba da om 25 a ma'aunin turjiya ga wuta, adadin da dokar wutar Amurka, NEC, ke karɓa ga sanda guda. Raba 230 da 25, amfiya 9 da 'yan kai ke nan. Bireka mai amfiya 20 ko gezau ba za ta yi ba, jikin injin zai ci gaba da ɗaukar wuta har wani ya dafa. Bireka irin ta C ba ta faɗuwa nan take sai wutar ta kai ninki 5 zuwa 10 na lambarta. In kana son tabbaci, amfiya 200 ke nan, wato duk hanyar da wutar za ta bi ta koma inda ta fito kada ta wuce om 1.15. Ta ina hanyar take bi? Ta jikin bututu, ta mahaɗa, ta noti, ta bangon akwati, ta wayar ardi. In kuma gini ne da ya dogara da sanda kaɗai, dole sai da RCD, birekar da ke jin yoyon wuta, ita ma ba abin da za ta ji muddin ƙarfen da wutar ta taɓa a ware yake bai haɗu da komai ba. Sai dai ta jira jikin mutum ya zama hanyar. Wannan ne ya sa nake auna shago da waɗannan 'yan ƙarafan, ba da girman tablon da ya jera a ƙofa ba.

Mai kula da kanta wani dattijo ne Bahaushe haifaffen Makka, Hausarsa a cakuɗe da Larabci, kuma rabin darajar shagon shi ne. Ba ya miƙo kaya sai ya yi tambaya. Ka ce masa, "Baba, a ba ni notin bututu," sai ya ɗago ta saman tabarau ya ce, "Ɗana, naka na inci ne ko na mili?" Wanda bai san kasuwar nan ba zai ga kamar ɓata lokaci ne. Amma a ƙasar nan tsari biyu ne ke tafiya kafaɗa da kafaɗa. Ayyukan da suka bi sawun Aramco da manyan masana'antu kan tsarin Amurka suke, bututun EMT da IMC da mai kauri na RGS, ma'auninsu na inci. Dokar gine-ginen Saudiyya kuwa, sashen wuta SBC 401, kan ƙa'idar wuta ta ƙasa da ƙasa, IEC 60364, aka gina ta, kuma kayan Ingila masu mili 20 da 25 sun cika kasuwa. Bututun rabin inci mai zare kaurinsa ta waje mili 21.3 ne, zare 14 a kowane inci. Na M20 mili 20 ne, tazarar zarensa mili 1.5. Ido ba ya raba su daga nesa. Ka ɗora notin rabin inci a kan zaren M20, zai shiga, zai ma yi kamar ya kama, alhali a kan bakin zare ɗaya ko biyu yake reto. Hannu zai ce ya ɗauru, wuta kuwa ba ta da hanyar kirki a wurin. A shagon nan durowar inci daban, ta mili daban, an rubuta da jan fenti, kuma ban taɓa buɗe leda na tarar an cakuɗa mini ba. A wasu shagunan layin gaba, kwali ɗaya ake zuba su.

Abin da na fi saya a wurinsu shi ne jalbar ardi, zoben nan da ake murɗawa a bakin bututu ta cikin akwati. Tasu mai kyau, in ka ɗauka za ka ji nauyi a tafin hannu. Ƙarfe ne da aka yi wa wankan tutiya, bakinta ta ciki an shimfiɗa roba mai tauri don kada ta yanki rigar waya lokacin ja, a gefe akwai ɗan sukuru mai tsini da ke nutsewa cikin zaren bututun ya hana ta juyawa, sai kos, wato maɗaurin waya, a manne, irin mai buɗaɗɗen baki wanda ake kwantar da waya a ciki ba sai an yanke ta ba. Kos ɗin na juyawa, don haka ko jalbar ta tsaya a karkace za ka fuskantar da shi inda hannu ke kaiwa. Akwai tambarin UL, kamfanin gwajin ingancin kaya na Amurka, a jikin ƙarfen, an zuba shi tare da ƙarfen, ba sitika ba. Suna da mai rabewa biyu ma, wadda ake ɗaurawa bayan an riga an ja waya an haɗa. Tana da tsada, kusan ninki biyu, amma ranar da injiniya ya zo duba aiki ya ce babu jalba a tablon da aka gama haɗawa, za ka gode wa wanda ya ƙirƙiro ta.

Inda jalbar ke da amfani sosai shi ne ramin akwati mai zobba, wanda masana'anta ta riga ta tsaga da'ira cikin da'ira don ka fasa girman da kake so. In ka fasa ƙaramin, sauran zobban na nan riƙe da 'yan guntayen ƙarfe biyu ko uku da ba su kai faɗin farce ba. Noti ya kama zobe, zoben kuma da ƙyar yake riƙe da akwati. Ranar da wuta mai ɗaruruwan amfiya ta biyo, guntayen nan ne za su fara narkewa kafin bireka ta farga. NEC ta tilasta tsallake irin wannan rami da waya a mashigar wutar gini, da kuma layukan da suka haura volt 250 zuwa ƙasa, kamar 277/480 na masana'antu, sai in an gwada akwatin an amince da shi. Wani zai ce ai namu 230 ne, ba mu kai ba. Gaskiya ne a takarda. Ni dai ko a 230 ina sa jalba in ja guntuwar waya zuwa sandar ardin tablon, wato ƙarfen cikin akwati da wayoyin ardi ke haɗuwa a kai, don kuɗinta bai kai na shawarma biyu ba, kuma a Khumra tsatsa ba ta duba lambar volt.

Ga inda suka gaza a wannan ɓangaren. Yawancin jalbar da ke kan kanta ƙaramin kos gare ta, mai ɗaukar waya daga 14 zuwa 4 a ma'aunin Amurka, kuma lamba 4 ɗin nan mili 21 ce da ɗan ɗori, a murabba'in mili da ake auna kaurin waya. Ƙa'idar IEC kuwa a sarari take: wayar wuta har zuwa mili 16, ardinta daidai da ita, daga nan zuwa 35, ardi 16, abin da ya haura 35, rabi. Ka ja kebul mai mili 70, ardinka 35 ke nan, ba zai shiga wannan kos ba ko ka yi ta dannawa har gobe. Sai mai ɗaukar 1/0, wajen mili 53, shi kuma kullum "sai an kawo daga sito". Na sha buɗe tablon a wuraren da wasu suka yi aiki in tarar an tsinke silin waya uku ko huɗu don ta shiga ƙaramin kos, an naɗe da tef an ɓoye. Shagon da ke sayar da jalbar inci biyu ya kamata ya ajiye babban kos kusa da ita. Na faɗa wa Baba, ya ce mai shagon ne ke oda, shi nasa miƙawa.

Fenti kuma wani babi ne. Akwatunan tablon na yanzu fentin gari ake gasa musu a jiki, mai kauri, kuma wuta ba ta ratsa shi. Wani sito da muka karɓa daga hannun wasu, bututun EMT a jere tsaf, an ɗaure kowane noti, aiki abin sha'awa ga ido. Na ɗora mitar gwajin haɗi, irin mai tura miliamfiya 200, ƙafa ɗaya a bututu, ɗaya a sandar ardin tablon. Allon ya nuna hanya a yanke, kamar ban taɓa komai ba. Muka kwance noti ɗaya, sai ga da'irar fenti lafiya lau a ƙarƙashinsa, ko ƙwarzane babu, don notin irin mai santsin fuska ne. Muka kankare har farin ƙarfe ya fito, muka sa noti mai haƙora, muka shafa man hana tsatsa a kai, mita ta sauko ƙasa da rabin om. Notin shagon nan mai haƙora na yaba masa: haƙoran a lanƙwashe suke ta fuska ɗaya, in ka buga da sukundireba da guduma za ka ga fenti na tashi a murɗe. Suna da washa mai haƙora ta kebul gilan ma, wato maƙalin da ke riƙe kebul a bakin akwati, da ɗan faifan tagulla mai kunne da ake sa wa gilan ɗin kebul mai sulke. Faifan nasu kala biyu ne, kuma mai arahar siriri ne har yatsa na lanƙwasa shi. A bar shi.

Kilam ɗin sanda, wanda ke matse waya a jikin sandar ardi, shi ne abin da ya ɓata mini rai. A kwali ɗaya a gefen ƙofa akwai masu sheƙi kamar zinariya, farashinsu kashi ɗaya cikin uku na waɗanda ke cikin durowa. Ina yawo da ɗan maganaɗisu a jikin makullaina saboda irin wannan. Na kai shi kusa, kilam ya yi tsalle ya manne. Tagulla ba ta bin maganaɗisu. Baƙin ƙarfe ne aka yi wa wanka, kuma abin da za a binne a ƙasa mai gishiri ke nan, a rufe da murfin siminti, ba mai sake dubawa. Na ce, "Baba, wannan fa?" Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, wannan na masu cewa a ba su ko wane iri ne. Kai ba ka ce haka ba." Bai ɓoye ba, na ba shi wannan. Amma da yaron aiki aka aiko da takarda an rubuta kilam goma, na san wanda zai koma da shi, don ɗan kwangila canji yake tambaya. Na cikin durowa kuwa ba laifi: jiki tagulla, kusoshi tagulla ko ƙarfen da ba ya tsatsa, wasu an buga musu DB, alamar an yi su don binnewa kai tsaye. Duba kusar da kanta, don akan samu jiki na gaske da kusar baƙin ƙarfe, ita ce kuma za ta fara ruɓewa.

Sandunan ma hawa biyu ne. Ta gaske ƙarfe ce a ciki, an manna mata jan ƙarfe ta hanyar lantarki har kaurin maikuron 254, kamar yadda ma'aunin UL 467 ya nema, kuma ko an lanƙwasa ta rufin ba ya tsagewa. Ɗayar, ko dai wankan ya yi siriri har fayil ɗaya ya fito da baƙi, ko kuma bututun jan ƙarfe ne aka zura wa ƙarfe kamar riga, wanda in ya ci karo da dutse wajen bugawa sai ya tattare ya yage. Baba ya bar ni na goga fayil a gindin kowacce kafin in biya, abin da ba kowane shago zai yarda ba. Suna da mai inci 5/8 da mai 3/4, da mahaɗar ƙara tsawo da hular bugawa. A Khumra ƙasa na da damshi da gishiri, samun ƙaramin om ba wuya, wuyar ita ce sandar ta rayu. Abokan aikinmu na Makka matsalarsu akasin haka ce, dutse ne, sai an haƙa da inji an cika da laka irin ta bentonayit ko garin da ake sayarwa don haka. Shagon na da buhunansa. Gawayi da gishirin da muka saba zubawa a gida, a nan ban ba kowa shawara ba, gishirin da ke ƙasar ma ya ishi sandar.

Kos na alminiyam da suke sayarwa ba shi da aibi a cikin ɗaki mai sanyi, in an buga masa AL9CU, alamar yana ɗaukar wayar alminiyam da ta jan ƙarfe. Amma kada a kai shi rufin bene wurin injinan sanyaya ɗaki. Jan ƙarfe da alminiyam in suka haɗu da damshin gishiri, alminiyam ɗin ne ke cinyewa ya koma farin gari, waya ta saki. A waje, jan ƙarfe mai wankan kuza kawai nake sa wa, kuma suna da shi ko da yaushe. Haka kitsattsiyar wayar ƙofar tablon da ta tsallaka mahaɗar tiren kebul: tasu mai wankan kuza ce, bakinta an matse da inji ba da guduma ba, tsayi iri-iri. Ƙofar da ke ɗauke da maɓallai da fitilun sigina ba a barin ta ga hinji, hinji fenti ne da man giris.

Bututu mai lanƙwasa da ke zuwa famfon ruwa ko injin sanyi, suna da mahaɗarsa mai ɗan kunnen ardi ta waje. Kyakkyawa ce. Duk da haka ina zura wayar ardi a ciki. NEC ma ba ta yarda a dogara da jikin irin wannan bututu ba in ya wuce ƙafa 6, wajen mita 1.8, kuma da sharuɗɗa, balle injin da ke karkarwa yini guda. A gidajen mutanenmu, musamman tsofaffin gine-ginen da aka yi tun zamanin 127, famfon tanki da hitar wanka su ne inda na fi tarar da waya biyu kacal, ta ukun babu, ko tana nan an naɗe ta a bayan murfi ba a haɗa da komai ba. Uwar gida ta ce famfo na ɗan jan ta in hannunta da ruwa, a ce mata ta sa silifa. Ba silifa ba ne maganin.

Kayan walda na garin jan ƙarfe, irin su Cadweld da Furseweld, waɗanda ake manna waya da sanda da su, suna da garin da 'yan ƙwaryar narka shi kaɗan na girman da aka fi nema, sanda 5/8 da waya 35 ko 70. Wani girman sai oda. Sun ajiye garin a sama nesa da damshi, cikin robarsa a rufe, wanda ya nuna sun san abin da suke sayarwa.

Farashi ba su fi kowa sauƙi ba. A kan kaya masu tambari sukan ɗan ɗara shagunan gaba, amma in ka ɗauki kwali suna ragewa ba tare da dogon ciniki ba. Abin da aka faɗa maka a baki bai haɗa da harajin kashi 15 ba, sai a fatura za ka gan shi, don haka ka tambaya tun farko kada ku yi ta ja da ɗan kwangila. Faturar ta kwamfuta ce mai lambar QR, an rubuta kowane kaya da girmansa, ba "kayan wuta" dunƙule ba, kuma suna karɓar katin banki na mada. Na nemi takardar Saber, shaidar ingancin kaya ta Saudiyya, ta jalba da sanda don fayil ɗin injiniya, sun turo ta WhatsApp a ranar. Ta kilam ɗin bakin ƙofa ban ma tambaya ba. Abin da ba a buɗe ledarsa ba suna karɓa su canja, amma kuɗi ba sa dawowa, sai dai ka ɗauki wani kaya.

In Baba ba ya nan, samarin da ke wurin ba sa tambayar komai, abin da ka ce shi za su zuba maka. Don haka ka zo da guntun bututunka da guntuwar wayar da za ta shiga kos, ka gwada a kan kanta. Da safe ya fi, don bayan Magariba layin baya cushewa yake, babu wurin ajiye mota, kuma tsakanin Azahar da La'asar a rufe suke. Ba sa kai ƙaramin kaya wurin aiki, bututun inci kuma ƙafa 10 ne, ya ɗan haura mita 3, saboda haka ka zo da motar da za ta ɗauke shi.